ZAMAN MAI KOYON TALIFI, DAGA ZAURE ZUWA JAMI'A

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da ku 'yan kasuwa masu karanta wannan fili, akwai wata tambaya da ta soma yawa a zaurukanmu na nan Mawashi da sauran ƙasar Kusada da Kankiya. Yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa ya komo gida, uban yana jira ya ga ya kama aiki ko ya zauna masa a shago, sai yaron ya ce shi zai koma ya ƙara shekara biyu domin ya koyi talifi, watau tsara waƙa da ƙaga labari. Uban kuwa sai ya ɗauki sandarsa ya tafi wurin malamin unguwa, ya ce, "Allah ya gafarta malam, ashe tatsuniya ma yanzu sai an biya kuɗi kana a koye ta?" Tambayar nan ba ta wauta ba ce, zama kuɗin da za a kashe na gero ne da gyaɗa da awaki. Domin haka na ga ya kamata in bayyana yadda zaman irin wannan almajiri ya ke, a ƙasashen Turawa da nan gida, don wanda zai biya ya san abin da ya saya, wanda zai hana kuma ya san abin da ya hana.

YADDA A KE YI A ƘASAR TURAWA

Makarantar da ta fi kowace suna cikin wannan sha'ani tana jami'ar Ayowa, cikin ƙasar manoman masara a tsakiyar Amurka. An kafa ta a 1936, kuma wani mawaƙi wai shi Paul Engle ya riƙe ta daga 1941 har 1965, a hannunsa ta yi ƙarfi. A kowace shekara mutane da yawa ke aika rubutunsu suna neman shiga, a zaɓi kimanin 50, rabi masu waƙa, rabi masu labari. Abin da a ke dubawa wajen zaɓen shi ne rubutun da mutum ya aiko, shi ya sa wanda bai taɓa kama alƙalami da kansa ba ko ƙofa ba ya samu. A Ingila kuma, jami'ar East Anglia da ke garin Norwich ta buɗe irin tata a 1970. Cikin waɗanda suka zauna a can akwai Kazuo Ishiguro, wanda ya sami lambar Nobel a 2017, akwai kuma ɗan Arewacin ƙasarmu, Helon Habila na Kaltungo, wanda daga baya ya zama malamin wannan fanni a Amurka.

To, ƙaƙa zaman ya ke? Mai jin labari daga nesa zai zaci kullum suna cikin aji malami yana bayani. Alhali kuwa mafi yawan kwanakin almajirin nan shi kaɗai ya ke yinsu a ɗaki, da takarda a gabansa. Ya rubuta shafi uku da safe, da yamma ya duba ya ga biyu ba su da amfani ya yage. Sauran lokacin ya yi shi wajen karatun littattafan magabata, da karatun abin da 'yan'uwansa suka rubuta. Da yawansu kuma a kan ba su ƙananan ɗalibai su koyar, a biya su ɗan abin da za su ci abinci su biya haya, ba mai yawa ba.

Sau ɗaya a mako a ke babban zama. Mutum goma ko goma sha biyu su kewaye tebur, da malaminsu, wanda shi ma marubuci ne da ya riga ya fid da littattafai. Wanda layi ya zo kansa ya riga ya raba musu rubutunsa tun kwanaki, kowa ya karanta ya yi masa alamomi a gefe. Sa'an nan a fara magana a kan rubutun, wannan ya ce farkon ya yi tsawo, wancan ya ce matar da ke cikin labarin ba ta yi magana irin ta mata ba, wani ya ce baiti na huɗu ya karye. Al'adar da aka gada a can ita ce mai rubutun ya yi shiru har a gama, ba ya kare kansa, ba ya cewa ga abin da na ke nufi. Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne: ran da littafi ya shiga kasuwa, mai shi ba ya bin kowane kofi gida gida yana fassara nufinsa. Abin da takarda ba ta faɗa ba, ba a faɗe shi ba. A ƙarshen shekara biyu sai ya miƙa diwanin waƙoƙi ko littafin labari, shi ne jarrabawarsa.

ABIN BA BAƘO BA NE A WURINMU

Malamin da ya ji wannan zai ga kamar ya san shi, kuma lalle ya san shi. Kowane mutumin tsangaya ya san zaman darasu: gardi ya yi satu, ya rubuta allonsa da ka, ya kawo gaban alarammomi, a bi shi harafi harafi, wannan ya kama wasali, wancan ya kama ɗauri, shi kuwa yana zaune ba shi da ta cewa sai ya karɓi allonsa ya gyara. Wanda ya ji kunyar a kama shi a darasu ba ya zama gwani. Amma kada wani ya ce na daidaita su. Alƙur'ani nassinsa ɗaya ne, gyaransa yaƙini ne, babu ra'ayin kowa a ciki. Talifin ɗan Adam kuwa gyaransa zato ne da ɗanɗano, mai gyaran yana iya dacewa, yana iya kuskure. Abin da ya haɗa su shi ne ladabin miƙa aikinka ga idon wani.

Larabawan farko ma ba daga sama waƙa ta ke faɗo musu ba. Yaro mai son waƙa ya kan lazimci babban mawaƙi ya zama marawaicinsa, ya hardace abin da ya faɗa, ya bi shi shekara da shekaru kafin ya buɗe bakinsa. Zuhairu ɗan Abi Sulma marawaicin Ausu ɗan Hajar ne, shi kuma ɗansa Ka'abu da Huɗai'a a hannunsa suka tashi. An ruwaito cewa Zuhairu ya kan shekara a kan ƙasida guda, yana tsarawa, yana gogewa, yana nuna wa masana, shi ya sa a ke kiran manyan waƙoƙinsa Hauliyyat. Daga baya Halilu ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 2 na Hijira, ya fito da ilmin aruli, ya ƙididdige bahar 15, Ahfashu ya ƙara ɗaya suka cika 16. Ibn Haldun kuma, wanda ya rasu a 1406, ya yi babi a cikin Muƙaddima a kan yadda a ke koyon waƙa. Taƙaicen shawararsa shi ne almajiri ya hardace mai yawa daga waƙa mai kyau, ya yawaita gwadawa, ya nemi kaɗaici da lokacin safiya, kuma kada ya yarda da hukuncin kansa a kan abin da ya tsara, domin mutum ya kan ruɗu da waƙarsa kamar yadda ya ke ruɗuwa da ɗansa. Wanda ya gwada wannan da tsarin Ayowa zai ga tazarar ba ta da yawa.

A nan ƙasarmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana lissafin malamansa da littattafan da ya karanta a cikin Ida'un Nusuhi. A ciki ya ambaci cewa a wurin wansa Shehu Usmanu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan nan shida na jahiliyya. Ashe ƙasidun da ya zo ya tsara daga baya suna da tushen da aka gina su a kai. A Birnin Katsina kuma, tun a ƙarni na 17, Wali Ɗan Marina ya tsara waƙoƙi da Larabci, Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa Ishiriniya sharhi.

Akwai wata hanyar horo da magabatanmu suka riƙe wadda ban ga abin da ya fi ta ba, watau tahmisi. Mutum ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa uku nasa a sama, su zama biyar, da bahar ɗaya da ma'ana mai bin juna, har mai ji ya kasa gane inda aka yi ɗinkin. Ishiriniyar da mu ke karantawa ta Alfazazi ce da tahmisin Ibn Mahib. Tabbat Haƙiƙa kuwa Shehu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahmisi. Almajirin da ya sha wannan wahala ya koyi tafiya da sawun babba kafin ya fid da tasa hanya.

WATA SHIDA NA ABUBAKAR IMAM

Ga wani abin mamaki. A shekarar da aka kafa makarantar Ayowa, watau 1936, a cikinta ne wani malamin Midil ta Katsina ya tashi ya tafi Zariya domin irin wannan zama, shi kaɗai da malaminsa. Shi ne Malam Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Asalin abin shi ne gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta sa a 1933, ƙarƙashin Dokta East, aka nemi malamai su ƙaga labari da Hausa cikin boko. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam yana da shekara 22 sa'ad da ya rubuta nasa, kuma shi da kansa ya faɗa cewa Muƙamar Hariri ta yi masa jagora. Ku lura, ya ku malamai: littafin da ke cikin gafakarku shi ya haifi ɗaya daga cikin labaran boko na farko.

Da East ya ga hazaƙar yaron, sai ya roƙi a ba shi aronsa. Imam ya zauna Zariya wajen wata shida. Aka tara masa littattafai na Gabas da na Yamma, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turawa, yana karantawa, yana juya abin da ya ga dama ya sa masa rigar Hausa, yana ƙaga nasa, East yana dubawa suna tattaunawa, a mai da shi ya sake. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, labarai wajen 80, waɗanda har yau a ke karantawa. A 1939 kuma aka ba shi editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Baiwa dai tun daga Katsina ya tafi da ita. Abin da Zariya ta ƙara masa shi ne lokaci, da littattafai, da mai gyara wanda ba ya jin kunyarsa. Waɗannan uku su ne dukkan abin da makarantar talifi ke sayarwa, ko a Amurka ko a nan.

ALMAJIRINMU NA YAU

Yanzu sai mu komo kan yaron da ke gabanmu. In ba waje zai fita ba, inda zai nufa shi ne sashen Hausa ko na Turanci a jami'ar Bayero ta Kano, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Umaru Musa 'Yar'aduwa ta nan Katsina wadda aka kafa a 2006. Ya kamata uba ya san cewa mafi yawan abin da a ke yi a digiri na biyu a waɗannan wurare nazari ne, watau feɗe abin da waɗansu suka rubuta. Zai karanta Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988, zai bi hanyar feɗe waƙa ta Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, zai ga yadda Farfesa Galadanci ya nuna cewa rubutacciyar waƙar Hausa a kan bahar na Larabci ta ke tafiya. Zai auna waƙoƙin Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. Wannan ilmi ne mai amfani, amma mahauci daban, makiyayi daban. Talifin kansa sai ya nema masa lokaci da dare.

Kwanakinsa kuwa ga yadda su ke. Shekarar farko darussa ne da jarrabawa, da gabatar da takarda a gaban 'yan'uwa da malamai su yi mata tambayoyi. Daga nan sai kundi. A ba shi malamin da zai duba masa, ya rubuta babi ya kai, ya jira mako biyu ko wata guda, a komo masa da shi ja wur da jan biro, ya sake bugawa a kwamfuta ya mayar. Kuɗinsa a nan su ke tafiya: mota tsakanin gida da makaranta, bugu, fotokwafi, ɗinkin kundi, hayar ɗaki da ya ke rabawa da wani. Wutar lantarki ta ɗauke yana tsakiyar shafi, ya koma hasken waya. In kuma malaman jami'a suka shiga yajin aiki, kamar na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, sai shekara biyun da aka yi wa uba alkawari ta zama uku ko huɗu. A ƙarshe a kira malami baƙo daga wata jami'a, a zaunar da shi ya kare abin da ya rubuta baki da baki.

Ina zai sami darasun talifinsa? A wurin 'yan'uwansa marubuta. Wannan ma daɗaɗɗen abu ne a Kano, inda ƙungiyoyi irin su Hausa Fasaha da Hikima suka riƙa tara mawaƙa suna karanta wa juna, har a sa a rediyo. Bayansu aka yi Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ga kuma ƙungiyar marubuta ta ƙasa da aka kafa a 1981, wadda rassanta ke zaman karatu. Ga 'ya'ya mata, sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata a 2016. Yaron da ya yi shekara biyu a jami'a bai taɓa miƙa labarinsa ga irin wannan zama ba, ya komo da takardar shaida, amma alƙalaminsa yana nan inda ya bar shi.

Akwai kuma wata riba da ɗan makarantar allo ke shiga da ita, wadda sau da yawa shi kansa bai san darajarta ba. Tsofaffin waƙoƙinmu da ajami aka rubuta su. Suna nan jibge a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, da ma'ajiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da gafakokin gidajen malamai a ƙauyuka irin namu. Ɗalibin da ba ya karanta ajami sai ya jira wani ya juya masa zuwa boko, ya karɓi kuskuren mai juyawa tare da daidansa. Wanda ya wanke allo kuwa zai shiga kai tsaye, kuma kunnensa ya riga ya saba da Ɗawili da Basiɗi da Kamili tun yana ƙolo, ko da bai san sunayensu ba.

INDA HAƊARIN YA KE

Ba zan ɓoye muku aibin abin ba. Na farko, zaman gyara ya kan sa almajirai su riƙa rubuta abin da zai gamshi malami da 'yan tebur, har a wayi gari rubutunsu duk ya zama kamar tubalin da aka buga da ma'auni ɗaya. Turawan da kansu sun daɗe suna kuka da wannan. Maganinsa shi ne ɗalibi ya saurari kowa, ya ɗauki gyaran da ya gane dalilinsa, ya bar saura. Na biyu, wanda ya fita waje ya kan faɗa cikin jarrabar rubuta ƙasarsa yadda baƙo ke son jinta, yunwa da bara da tashin hankali kaɗai, domin su ke da kasuwa a can. Na uku shi ne ɗaukar aikin wani ba tare da ambato ba, abin da kwamfuta ta sauƙaƙa ƙwarai. Mu kuwa mun gaji isnadi, ba mu karɓar magana sai an ce daga wa.

Na huɗu naku ne, 'yan kasuwa. Littafi ba ya ciyad da mai shi sai nadiran. Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa da Mu'azu Haɗeja duk malaman makaranta ne masu albashi sa'ad da suka yi talifinsu. Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 da kuɗin aljihunsu suka riƙa buga littattafai, su kai wa masu shaguna, su jira ciniki. Saboda haka wanda ya ce muku wannan karatu zai mai da jarinsa cikin shekara, bai faɗa muku gaskiya ba. Abin da takardar ke buɗewa shi ne koyarwa, da aikin jarida da rediyo, da fassara, da rubutun wasan kwaikwayo. Talifin kuwa a gefen aikin ya ke rayuwa.

ABIN DA UBA ZAI DUBA

In ɗanka ko 'yarka ta zo maka da wannan magana, kada ka yi saurin cewa i ko a'a. Ka ce ya kawo maka abin da ya riga ya rubuta ya gama, ba wanda ya ke niyya ba. In babu, to, sha'awar sunan ya ke yi, ka ba shi shago ya tsare. In akwai, ka tambaye shi waƙar wa ya hardace, littafin wa ya karanta sau uku. Sa'an nan ka ɗauki rubutun ka kai wa malamin da ya san aruli da lugga, ya gyara masa a gabanka, kai kuwa ka dubi fuskarsa. In ya murtuke ya shiga gardama, da sauransa, zama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ya karɓa ya tafi, ya komo bayan kwana uku da sabon shafi wanda ya fi na farko, to, wannan ya riga ya shiga makarantar tun ba a ɗauke shi ba, abin da ya rage sai guzuri. Ka yanka masa wa'adi kamar yadda ka ke yanka wa yaron da ka ba jari, ka sharɗanta masa ya riƙe wata sana'a a hannu, kuma kada ya saki ajaminsa.

Mu kuma malamai akwai namu. Yaran nan da ke tsara baitoci a bayan littafin makaranta, in ba su sami mai auna musu a zaure ba, za su tafi inda za a auna musu da wani ma'auni. Wanda Allah ya ba sanin bahar da ƙafiya a cikinmu, ya keɓe yammacin Alhamis guda, ya ce kowa ya kawo abin da ya tsara. Ba ya bukatar izinin hukuma, ba ya bukatar tebur. Tabarma ta isa.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ran gobe, ya shiryi zuriyarmu, ya ba mu damina mai albarka, amin. Haza wasalamu.